Gurbin Karatu a Jami'o'in Najeriya: Yadda Masu Nema Suka Fi Kujerun Yawa

A watan Janairun 1948 aka buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan da ɗalibai 104, waɗanda aka kwaso daga Babbar Kwalejin Yaba da ke Legas. Su ke nan 'yan jami'ar Najeriya baki ɗaya a lokacin. Yau kuwa, duk shekara yara kusan miliyan biyu ne ke zana jarrabawar shiga jami'a ta JAMB, kuma waɗanda ke samun gurbi ba sa kai rabi. Tsakanin waɗannan alƙaluma biyu akwai tarihin shekara saba'in da 'yan kai, wanda farashin ɗanyen mai ya fi kowane ministan ilimi tasiri a cikinsa. In kuɗi ya shigo sai a buɗe sababbin jami'o'i, in ya ɗauke sai a bar su a buɗe a cusa musu ɗalibai, ba tare da an taɓa zama an yanke wanda zai riƙa ɗaukar nauyin gudanar da su ba.

Turawan mulkin mallaka ba su yi gaggawar ba da ilimi mai zurfi ba. Kwalejin Katsina, wadda ta yaye Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello, malamai take horarwa. Yaba kuma mataimakan likitoci da mataimakan injiniyoyi take fitarwa, waɗanda za su yi aiki a ƙarƙashin Bature. Sai da 'yancin kai ya ƙarato aka farga cewa babu isassun mutanen da za su gaji kujerun da Turawa za su bari. A 1959 aka naɗa kwamiti ƙarƙashin Sir Eric Ashby, ya miƙa rahotonsa a 1960, inda ya ba da shawarar ƙasar ta kai ga ɗalibai 7,500 a jami'o'i kafin 1970. A lokacin wasu sun ga kamar ya cika buri. Kafin shekarar ta zo an wuce wannan adadi.

Abin da Ashby bai lissafa sosai ba shi ne gasar da ke tsakanin jihohi uku na wancan zamani. Gabas ta buɗe Nsukka a 1960. A 1962 Arewa ta buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, gwamnatin tarayya ta buɗe ta Legas, Yamma kuma ta buɗe tata a Ife duk da cewa rahoton bai ba da shawarar a yi ta ba. Tun daga nan jami'a ta zama abin alfahari na yanki, abin da kowane shugaba ke son a ce shi ya kawo wa mutanensa. Wannan ɗabi'a ba ta bar mu ba har yau.

A Arewa matsalar ta zo da wata fuska daban. Kujeru akwai su a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, waɗanda suka cancanci zama a kansu ne suka yi ƙaranci, domin makarantun sakandaren da ke da ajin share fagen shiga jami'a ba su taka kara sun karya ba. A zamanin shugabancin Farfesa Ishaya Audu jami'ar ta buɗe makarantar share fage da aka fi sani da SBS, inda yaron da ya gama sakandare a Gusau ko Potiskum ko Mubi zai zo a gyara shi kafin ya shiga digiri. Daga baya jihohi suka buɗe kwalejoji irin wannan, aka samar da jarrabawar IJMB a ƙarƙashin jami'ar Zariya don tantance ɗalibansu. Da yawa daga cikin likitoci da alƙalai da manyan sakatarorin Arewa ta wannan ƙofa suka bi. A ganina wannan na cikin dabaru mafi hikima da aka taɓa yi a harkar, domin ba ta buƙaci sabon fili ko sabuwar majalisar gudanarwa ba. Malamai da ɗakunan karatu kawai ta buƙata.

Sai mai ya yi tsada. Bayan yaƙin Larabawa da Isra'ila na 1973 farashin ganga ya ninka kusan sau huɗu, baitulmali ya cika ya batse. A 1975 gwamnatin tarayya ta karɓe jami'o'in jihohi, ta kuma kafa sababbi bakwai a lokaci guda: Kano, Sakkwato, Maiduguri, Jos, Ilorin, Kalaba da Fatakwal. Wasunsu sun fara ne a matsayin kwalejoji. Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano sai a 1977 ta zama cikakkiyar jami'a. Hukumar Kula da Jami'o'i, NUC, wadda a da shawara kawai take bayarwa, ta samu ƙarfin doka a 1974, Farfesa Jibril Aminu ya zama sakataren zartarwarta, kuɗin jami'o'i ya riƙa bi ta hannunta. A 1976 aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, UPE. An yi tanadin yara miliyan 2.3, kusan miliyan 3 suka bayyana. Duk mai lissafi ya san cewa bayan shekara goma sha ɗaya ko sha biyu waɗannan yara za su tsaya a bakin ƙofar jami'a. A 1977 kuma aka soke kuɗin karatu a jami'o'in tarayya.

Waɗanda suka yi karatu a wancan zamani har yanzu suna ba da labari. Ɗalibi na zuwa ɗakin cin abinci da tikitinsa, a zuba masa shayi da burodi da ƙwai da safe, ranar Lahadi a ba shi kaza. Mutum biyu ne a ɗaki. Ana wanke musu zannuwan gado. Jiharsa na ba shi alawus, wani ma har ya aika wa tsohuwarsa wani abu a gida. Kafin ya rubuta jarrabawar ƙarshe ma'aikatu da bankuna sun zo suna zawarcinsa. Ba laifi ba ne mutum ya tuna wannan da kewa, amma ya kamata a tuna cewa ɗaliban ƙasar duka a lokacin ba su wuce 'yan dubbai goma-goma ba. An gina tsarin ne don mutane kaɗan, da kuɗin da aka ɗauka ba zai ƙare ba.

Alamar farko ta cewa zai ƙare ta zo da wuri. A 1978 kuɗin mai ya ja baya, gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙara kuɗin abincin ɗalibi daga naira ɗaya da sule biyar zuwa naira biyu a rana. Kwabo hamsin ke nan. Ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, ƙarƙashin Segun Okeowo, ta fito zanga-zanga tana neman a tsige kwamishinan ilimi Kanal Ahmadu Ali. An kashe ɗalibi Akintunde Ojo a Legas, sojoji suka kashe wasu a Zariya, aka rufe jami'o'i, aka haramta ƙungiyar. Darasin da gwamnatocin baya suka ɗauka daga wannan jini shi ne kada a taɓa kuɗin makaranta a fili. Shekaru arba'in da suka biyo baya an ci gaba da cewa karatu kyauta ne a jami'ar tarayya, alhali kuwa ana karɓar kuɗin rajista, na ɗakin gwaji, na katin shaida, na wasanni, kowanne da sunansa. Gwamnati ba ta biya cikakken kuɗin ba, ba ta kuma yarda a gaya wa iyaye gaskiyar abin da karatun ke ci ba.

A wannan shekara ta 1978 aka kafa JAMB. Kafin ita kowace jami'a jarrabawarta take yi, sai yaro ɗaya mai ƙoƙari ya samu gurbi a wuri uku, ya zaɓi ɗaya, biyu su tafi a banza alhali wasu na zaune a gida. JAMB ta toshe wannan ɓarna. Ta kuma zama wurin da ake rabon abin da bai isa ba. Ƙa'idar da jami'o'in tarayya ke bi a yau ita ce kashi 45 bisa cancanta, kashi 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'ar, kashi 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimin boko. An sha tafka muhawara kan wannan rabo, 'yan Kudu na ganin an tauye su, 'yan Arewa na ganin ba don shi ba da an rufe musu ƙofa. Kowane ɓangare na da hujjarsa, amma zafin muhawarar ya samo asali ne daga ƙarancin kujerun.

Tsarin mulkin 1979 ya ba jihohi damar kafa jami'o'insu, Jihar Ribas ta fara a 1980. Gwamnatin Shehu Shagari ta kafa jami'o'in fasaha a Bauchi, Makurdi, Owerri, Akure, Yola, Minna da Abeokuta, ta kuma sa hannu kan dokar Buɗaɗɗiyar Jami'a a 1983, wadda mutum zai yi karatu yana gida ko yana wurin aikinsa. Duk wannan na faruwa ne kasuwar mai tana rugujewa. Tun 1982 Shagari ya kawo dokar tsuke bakin aljihu. Da sojoji suka karɓi mulki a ƙarshen 1983, gwamnatin Janar Buhari ta ɗauki almakashi. Ta mayar da Bauchi ƙarƙashin Zariya, Yola ƙarƙashin Maiduguri, Makurdi ƙarƙashin Jos, Abeokuta ƙarƙashin Legas. Ta soke jami'o'i masu zaman kansu fiye da ashirin da suka ɓullo bayan wani hukuncin Kotun Ƙoli, waɗanda galibinsu allon suna ne kawai. An daina ciyar da ɗalibai. A Afrilun 1984 kuma aka dakatar da Buɗaɗɗiyar Jami'a.

Wasu daga cikin waɗannan matakai suna da ma'ana. Dakatar da Buɗaɗɗiyar Jami'a kuwa kuskure ne babba, kuma ina ganin ba a cika ba shi muhimmancin da ya kamata ba. Ita ce hanya mafi araha ta ilimantar da mutane masu yawa, ba ta buƙatar ɗakin kwana ko katanga, kuma an rufe ta daidai lokacin da 'ya'yan UPE ke tsakiyar karatun sakandare. Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, NTI, ta riga ta nuna tun 1976 cewa karatu daga nesa na iya aiki a ƙasar nan. Indiya ta buɗe tata buɗaɗɗiyar jami'ar ta ƙasa a 1985, ta yi ta yaye miliyoyi. Tamu ta kwana shekara goma sha bakwai a cikin akwati, sai a 2001 Obasanjo ya farfaɗo da ita.

Shekarun shirin gyaran tattalin arziki na SAP, daga 1986, su ne suka karya ƙashin bayan jami'a. Kafin shirin naira ta fi dala daraja. Zuwa 1993 dala ɗaya ta kai naira 22 a farashin gwamnati. Jami'a kuwa kusan komai nata daga waje ake sayowa: littattafai, mujallun bincike, sinadaran ɗakin gwaji, kayan gyaran injuna. Ɗakunan karatu suka daina karɓar sababbin mujallu. Malaman da aka ɗauko daga Indiya da Pakistan da Ghana da Ingila suka tattara nasu ya nasu, 'yan ƙasa kuma suka nufi Amurka da Saudiyya da kudancin Afirka. Bankin Duniya a lokacin ra'ayinsa shi ne ƙasashen Afirka su mai da hankali kan firamare, kuma bashin dala miliyan 120 da ya ba jami'o'in tarayya a 1990 ya zo da sharuɗɗan rage ma'aikata da rufe wasu sassa, abin da malamai da ɗalibai suka yi tir da shi. Duk da haka a 1988 gwamnatin Babangida ta sake raba jami'o'in nan huɗu da aka haɗe, kowacce ta koma cin gashin kanta. Ɗalibai kuma ba su daina ƙaruwa ba.

A nan ne aka samu yanayin da duk wanda ya yi jami'ar gwamnati daga 1990 zuwa yau ya sani. Lacca ƙarfe takwas, amma tun bayan asuba ake zuwa kama wuri, a ajiye littafi ko ɗankwali a kan kujera. Ɗakin da aka gina don mutum ɗari uku ya ɗauki dubu, wasu a kan matakala, wasu a bakin taga, wasu a waje suna kwafar abin da na ciki ya rubuta. Malami na ɗaga murya ba lasifika, in akwai lasifikar kuma babu wuta. A ɗakin kwanan mutum huɗu za a tarar da goma sha biyu, ga risho a ƙarƙashin gado. Ɗalibin kimiyya ya haddace yadda ake gwaji bai taɓa riƙe kayan gwajin ba. A takarda an ba wa kowannensu gurbi.

Abu mafi ɗorewa da ya fito daga wannan zamani daga teburin sulhun yajin aiki ya fito. Ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, wadda aka haramta a 1988, ta sake tsunduma yajin aiki a 1992 ƙarƙashin Dakta Attahiru Jega na Jami'ar Bayero. Da gwamnati ta ce ba ta da kuɗi, malaman suka zo da shawarar inda za a samo: a ɗora haraji kan ribar kamfanoni, tunda su ne ke cin moriyar waɗanda jami'a ta yaye. Aka sa hannu kan yarjejeniya a Satumban 1992, a 1993 aka yi dokar harajin ilimi na kashi 2 cikin ɗari. Da farko ana raba kuɗin har da firamare da sakandare, sai ya zama bai tsinana wa kowa komai sosai ba. A 2011 aka sake dokar, asusun ya zama TETFund, aka keɓe shi ga manyan makarantun gwamnati: rabi ga jami'o'i, sauran rabin a raba tsakanin kwalejojin fasaha da na ilimi. An ɗaga harajin zuwa kashi 2.5, sannan kashi 3 a 2023. Wanda ya zaga jami'o'in jihohi a Wudil ko Katsina ko Kaduna ko Gombe zai ga sunan asusun a jikin mafi yawan sababbin gine-gine, kuma dubban malamai da kuɗinsa suka yi digirin digirgir. Amma asusun gini yake yi da horarwa. Ba ya biyan albashi, ba ya biyan kuɗin wuta. Har ma ya sa wasu gwamnoni sun samu ƙwarin gwiwar buɗe jami'a da nufin TETFund ya gina musu, su kuwa albashin ma sai a yi watanni ba a gani ba.

Da dimokuraɗiyya ta dawo sai aka buɗe duk ƙofofin da suka rage. A 1999 aka ba Igbinedion da Babcock da Madonna lasisi, jami'o'i masu zaman kansu suka dawo bisa doka. Arewa ta biyo baya da Jami'ar Amurka ta Yola da Al-Qalam ta Katsina da wasunsu. Jami'o'in gwamnati, don neman kuɗin shiga, suka buɗe rassa a garuruwa masu nisa suna karatun ƙarshen mako, har abin ya lalace NUC ta rufe rassan a 2001. Shugaba Jonathan ya kafa jami'o'in tarayya tara a 2011, ciki har da Dutse da Dutsin-Ma da Kashere da Lafiya da Wukari, ya ƙara uku a 2013 a Gusau da Birnin Kebbi da Gashuwa, don kowace jiha ta samu tata. Ga yarinyar da iyayenta ba za su bar ta ta tafi nesa ba, jami'a a Dutsin-Ma ko Gashuwa alheri ce ta gaske, kuma ban yarda da masu raina wannan ba. Sai dai tsakanin waɗannan shekaru biyu, a 2012, kwamitin Farfesa Mahmood Yakubu ya zaga tsofaffin jami'o'in ya kawo rahoto kan halin da suke ciki: malamai ba su isa ba, da yawa ba su da digirin digirgir, ɗakunan gwaji sun zama kango. Sababbin jami'o'in daga cikin waɗannan malaman suka ɗiba. Haka aka samu farfesa ɗaya yana koyarwa a wuri uku, Litinin a nan, Alhamis a can, rabin makonsa a kan hanya.

Yau jami'o'in ƙasar sun haura 270, fiye da rabinsu masu zaman kansu ne, amma kaso kaɗan na ɗalibai suke ɗauka saboda kuɗinsu ya fi ƙarfin talaka. Masu hali suna tura 'ya'yansu waje. Masu matsakaicin ƙarfi sun nufi Maraɗi da Kwatano da Sudan da Uganda. Yaƙin Sudan na 2023 ya nuna yawan yaranmu da ke Khartoum, aka yi ta kwaso su ta iyakar Masar. A farkon 2024 gwamnati ta dakatar da amincewa da digirin Benin da Togo bayan wani ɗan jarida ya sayo ɗaya cikin 'yan makonni. Waɗanda suka tsaya a gida kuma yajin aiki ya ci musu wata tara a 2020, ya ci wata takwas a 2022, har wasu jami'o'i suka haɗe zango biyu na sababbin ɗalibai ko suka soke ɗaya.

Akwai wani ɓangare na labarin da ba a cika faɗa ba. Yayin da ake turmutsutsu a ƙofar likitanci da lauya da kwamfuta a manyan jami'o'i, kwalejojin ilimi da kwalejojin fasaha da yawa ba sa cika gurabensu. Yara ba wauta suke yi ba. Sun ga yadda ake fifita mai digiri a kan mai babbar difloma wajen ɗaukar aiki da ƙarin girma, sun ga albashin malamin firamare. Majalisa ta zartar da ƙudurin kawar da wannan bambanci a 2021, ba a sa masa hannu ba. Muddin takardar Kwalejin Fasaha ta Kaduna, makarantar da ta horar da masu aikin da suka riƙe masaƙu da masana'antun Arewa, tana ƙasa da ta jami'ar da aka buɗe shekaran jiya, yaro zai gwammace ya zana JAMB sau uku.

Tun 2023 an shiga wani sabon babi. Bayan cire tallafin mai da faɗuwar naira, jami'o'in tarayya sun ninka kuɗin rajista, wasu sau uku ko fiye, har gwamnatocin jihohi da masu hannu da shuni suka riƙa biya wa ɗalibai don kada su bar karatu. Abin da aka guje wa tun 1978 ya zo ba tare da an kira shi da sunansa ba. Gwamnatin Tinubu ta kafa asusun lamunin ɗalibai, NELFUND, wanda ya fara karɓar buƙatu a 2024, bashi ba ruwa, a biya bayan an gama hidimar ƙasa an samu aiki. A Agustan 2025 kuma majalisar zartarwa ta dakatar da kafa sababbin manyan makarantun tarayya na tsawon shekara bakwai, ministan ilimi Tunji Alausa yana cewa akwai makarantun da ma'aikatansu sun fi ɗalibansu yawa. Matakin daidai ne, ko da yake ya zo bayan an riga an sa hannu kan dokokin sababbin jami'o'i da dama. Lamunin yana biya wa ɗalibi kuɗin rajista, dakatarwar tana hana ƙarin allunan suna, TETFund na gini. Albashin da zai hana matashin malami mai digirin digirgir neman biza, da kuɗin ɗaukar sababbin malamai a tsofaffin jami'o'in da ke da fili da ɗakuna, har yanzu daga kasafin shekara-shekara suke fitowa, kuma kason ilimi a kasafin tarayya ya daɗe bai kai kashi 10 cikin ɗari ba.